WATA 'YAR'UWA

Shafi na 31

Masu cika min waya da saƙo tun da safe, na gan ku. Musamman ke da kika ce in na bari aka ƙwace wa Zulaihatu aikinta kin daina karatun littafina har abada. Hajiya ki zauna, ba ni na ƙwace ba. Ni kaina da ƙyar na rubuta wannan shafin.

*

Lif ɗin ginin ya mutu kamar kullum, don haka da ƙafa Zulaihatu ta hau har ofishin Ustaza Mawada, lauyar da ke riƙe mata maganar rajistar ƙirƙirarta. Tsohon gini ne a Wustul Balad, tsakiyar birnin Alƙahira. Tana shiga tana haki, jakarta a hammata.

"Zauna ya duktura. In sa a kawo shayi?"

"Ustaza bar shayin nan. Me suka ce?"

Ustaza Mawada ta gyara takardun gabanta waɗanda dama a gyare suke. Nan Zulaihatu ta san ba lafiya ba, don matar nan ba ta iya jan rai ba, magana take yi kamar tana sara.

Ga wanda ya manta, abin da ake rigima a kai ɗan tsinke ne kamar na gwajin ciki. A tsoma shi a fitsari, in mutum na da tsargiya layi biyu su fito, tun kafin ya fara fitsarin jini. Shi Zulaihatu ta ƙarar da ƙuruciyarta a kai a ɗakin bincike a Alƙahira. A garinsu Yawuri in yaro ya fara fitsarin jini cewa ake ya zama namiji, har a yi masa tsiya. Haka aka yi wa ƙanenta Habu tsiya har ciwon ya cinye masa mafitsara. An buga sanarwar karɓar buƙatarta, ta yi sujada, ta kira gida, sai wani kamfanin kayan gwaji ya shigar da ƙalubale.

"Kin tuna sharaɗin farko," in ji Ustaza Mawada. "Abu ba ya samun rajista sai in sabo ne. Wato ba a taɓa bayyana wa jama'a yadda ake yin sa ba kafin ranar da muka shigar da buƙata. Ko a mujalla, ko a taro, ko a intanet."

"Kuma na ce miki ban taɓa ba. Ko shafi ɗaya ban buga ba. Taron Iskandariyya ma zuwa na yi na zauna kamar kurma, waɗanda ba su kai ni ba suna ta zuba a kan mumbari."

"Na yarda da ke."

"To me suka kawo? Aikin Sinawan nan ne? Wancan da jini ake yi, nawa da fitsari. Ba su haɗu ba."

"Ba shi ba ne."

"To na wa?"

Ustaza Mawada ta juyo da kwamfutarta.

"Bidiyo ne. Yana kan intanet tun watanni kafin mu shigar. Ki kalla tukuna."

Ta danna.

Zauren Zulaihatu ta fara ganewa. Ɗakin taron ƙungiyar ɗalibai ne na unguwar Hay el-Sabi', da koren labulen nan da fankar da ke kuka. Sai ta gane hular. Sai farar jabbar, wadda ita da hannunta ta goge ta a safiyar ranar.

Sannan muryar ta fito, cikin Larabci tsantsa mai daɗi, irin wanda yake yi in akwai 'yan Senegal da 'yan Indonesiya a zaune.

A bangon bayansa an haska zanenta. Nata, wanda ta yi da launin shuɗi.

Mai maganar bai bar komai ba. Ya faɗi sinadarin da ke kama alamar tsutsar tsargiya. Ya faɗi yawan da ake sawa. Ya faɗi irin takardar da ake shimfiɗa shi a kai, da abin da ake fara zubawa, da dalilin da ya sa zafin rana ba ya lalata shi, wanda shi ne asirin aikin gaba ɗaya. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da ya kai ƙarshe ya gyara tabarau ya ce, "Wannan aikin wata 'yar'uwa tamu ne, Allah ya saka mata da alheri." Zaure ya ɗauki kabbara.

Ustaza Mawada ta tsayar da bidiyon.

"Kin san shi?"

Idon Zulaihatu na kan allon.

"Ya duktura, kin san mutumin nan?"

"Mijina ne."

Ustaza Mawada ta cire tabaranta a hankali ta ajiye.

"La haula wala ƙuwwata illa billah."

Wallahi ni da nake rubutawa na so a ce Zulaihatu ta yi kuka a wajen nan, ko ta samu sauƙi. Ba ta yi ba. Zama ta yi tana kallon fuskar Malam Abdurrahim da ta tsaya a kan allon, bakinsa a ɗan buɗe, yana murmushin nan da yake yi in ɗalibi ya ba da amsa daidai.

"Shi ke nan kenan?" ta tambaya.

"In aka karɓi wannan, khalas. Abin ya zama na kowa. Kamfanin zai ƙera shi da sunansa, ya sayar yadda ya ga dama. Masana'antar da ta yarda za ta yi muku mai sauƙi don ƙasarku kuwa, kin san sharaɗinsu rajista ce."

"Amma aikina ne. Zanena ne a bangon."

"Ni na sani. Bidiyon bai ce haka ba. Wata 'yar'uwa ya ce."

Zulaihatu ta runtse ido.

"Ƙofa ɗaya nake hange," in ji lauyar, "kuma ban yi miki alkawarin za ta buɗe ba. In har bayanin nan ɗaukarsa aka yi ba da saninki ba, ba da izininki ba, zan tsaya in ce cin amana ne, bai kamata a ɗora miki abin da aka sace miki ba. Zan gwada. Amma sai shi ya ba da shaida a kan rantsuwa cewa haka aka yi."

"Cewa ya sata."

"Ma'alish, yi haƙuri. Eh."

"Ustaza, kin san a kan me yake rubuta risalarsa ta dakta? A kan amanar masu ruwaito hadisi. Wanda za a karɓi maganarsa da wanda za a jefar."

"Shaidar za ta shiga fayil, kuma fayil ba ya ɓoyuwa. Ke kin fi ni sanin mutanenku." Ta mayar da tabaranta. "Ki je ki tambaye shi. Lokacin mayar da martani ya kusa ƙarewa, zan kira ki kafin in tashi daga ofis. Tambaya ɗaya ce, da izininki ko ba da izininki ba."

*

Bayan la'asar ta isa gida. Tun daga matakala ƙamshin dafa-duka ya tare ta.

Malam Abdurrahim na zaune a ƙasa a falo, littattafai sun kewaye shi, fensir a bayan kunne. Ya ɗago da fara'a.

"Dakta ta dawo. Na ga kin daɗe sai na ɗora mana shinkafa. Gishirin ne ban tabbatar ba, ki ɗanɗana."

Ba ta cire takalmi ba.

"Malam, muhadarar nan, laccar da ka yi bayan babbar sallah, me ka faɗa a ciki?"

"Wacce? Ta ilimin likitanci a Musulunci?" Fuskarsa ta ƙara washewa. "Kin gan ta kenan. Yaran nan sun ce min sun ɗora. Na so in nuna miki tun lokacin, kunya ta hana ni, kar ki yi min dariyar yadda nake faɗin sunayen Turancin nan."

"Ba ka yi kuskure ko ɗaya ba."

"Alhamdulillah."

"Shi ya sa aka ƙwace min shi."

Murmushin bai tafi nan take ba. A hankali ya riƙa sauka.

"Aka ƙwace me?"

Ta faɗa masa. A tsaye ta faɗa masa, jaka a kafaɗa, murya ƙasa ƙasa don maƙwabtansu 'yan Gombe ne kuma bangon ba shi da kauri. Sharaɗin sabunta, kamfanin, bidiyon, ranar da aka ɗora shi. Yana sauraro yana kallon bakinta.

"Tsaya Zulai. Ban gane ba. Don na faɗa wa mutane abu mai amfani, shi ne ya daina zama naki?"

"Eh."

"Wace irin doka ce wannan? Mu a wajenmu wanda ya fara faɗa shi ake jingina wa. Ilimi in an yaɗa shi ƙara tabbata yake ga mai shi. Ɓoye shi ne laifi."

"Wannan ba zauren hadisi ba ne Malam."

"Amma ai..."

"Kuma wa ka jingina wa?"

Ya mayar da ido kan littafin gabansa.

"Na ce wa ka jingina wa? Ka faɗi sunan sinadari. Ka faɗi sunan takarda. Bajamushen da ya gano tsutsar a garin nan ka faɗi sunansa da na ubansa, har shekarar da ya mutu, yadda kuke yi wa maruwaita. Da ka zo kaina sai na zama wata 'yar'uwa."

"Haba Zulai. Zaure cike da maza. In kama sunan matata a lasifika?"

"Aikin matarka kuwa ka iya shimfiɗa shi a bango."

"Ba haka ba ne."

"To yaya ne?"

Ya zare fensir ɗin daga bayan kunne ya ajiye a kan littafi.

"Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba."

"Yau ranar ji ce. Faɗi."

"Kin san me ake cewa a kanki a Hay el-Sabi'? A masallaci, a layin burodi, a ko'ina. Wai matar Malam Abdurrahim fitsarin maza take wuni tana jagwalgwalawa. Wai tana fita da najasa a jiki ta dawo da najasa. Wata rana ina karantarwa wani ya miƙe a cikin ɗalibaina, ya ce Malam mene ne hukuncin mutumin da ya bar iyalinsa tana aikin ƙazanta cikin maza alhali yana da halin hana ta. Kowa ya sunkuyar da kai. Kowa ya san da wa yake."

Zulaihatu ta sauke jakar a kan kujera.

"Ba ka faɗa min ba."

"In faɗa miki ki yi yaya? Kina dawowa idonki ja, ki ci abinci a tsaye ki koma kan kwamfuta. Na ce ba zan yi musu da kowa ba. Zan nuna musu ne, su gani da idonsu abin da take yi da fitsarin." Ya ɗago ya kalle ta. "Da na ce wata 'yar'uwa, duk wanda ke zauren ya san ke ce. Wanda ya yi tambayar ya same ni a bakin ƙofa ya ba ni haƙuri. Ranar na dawo gida ina jin kamar na ba ki wani abu."

Kai jama'a. Ni dai a nan na rasa bayan wa zan bi.

"Ta yaya ma ka iya?" ta ce. "Kai da ko sunan maganin mura ba ka riƙewa."

"Haddacewa na yi."

"Me?"

"Kamar matanin hadisi. In kin fita sai in buɗe, in karanta layi in maimaita, in duba ƙamus. Wajen da ya gagare ni na je na sami wani ɗan Sudan mai karatun harhaɗa magani ya fassara min kalmomin, ban nuna masa aikin ba. Na ce in zan faɗi maganarki ba zan rage ba, ba zan ƙara ba. Amana ce."

Ta zauna a hannun kujera.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne, farfesanta ya ja mata kunne tun farko, kar ta bari kowa ya ji yadda ake haɗa shi kafin a shigar da takardu. Ta ja kunnen abokan aikinta. Ta ja kunnen mai share ɗakin bincike. Mijinta kaɗai ba ta faɗa wa ba, don a ranta ta gama yanke cewa ko an buɗe masa ba zai gane komai ba. Kullum tana yi masa bayani a kan abinci yana gyaɗa kai, ita kuwa tana ɗauka kara ce kawai yake mata.

"Na ɗauka ba ka fahimta," ta ce.

"Na sani."

"Da na faɗa maka sirri ne..."

"Da ko a mafarki ban faɗa ba."

Daga titi mai sayar da gas yana buga tukunyarsa yana wucewa. Ƙamshin shinkafar ya fara komawa ƙauri, babu wanda ya motsa.

"Babu wata hanya?" ya tambaya. "Ko a goge bidiyon. Yanzu zan kira yaran."

"Sun riga sun sauke shi. Gogewa ba ta mayar da shi sirri."

"To lauyar me ta ce? Ba ta rasa abin cewa ba."

Zulaihatu ta kalle shi. Ta so ta ce babu. Wallahi ta so.

"Ta ce in ba da izinina ka ɗauka ba, za ta gwada. Sai ka rantse cewa ɗauka ka yi ban sani ba."



"Shi ya sa zan tambaye ka Malam, don ni na kasa tunawa. Tun a jirgin metro nake juya abin. Ka tambaye ni kafin ka yi?"

Ya sunkuyar da kai.

"Malam."

"Na tambaye ki."

"Yaushe?"

"Kina ɗaura takalmi a bakin ƙofar nan, kin makara. Na ce Zulai an ba ni muhadara, in ba da misali da aikinki? Kika ce Allah ya ba da lada Malam. Na ce zan buƙaci zanen. Kika ce yana cikin kwamfuta, ka san lambar."

Sai ta tuna. Har takalmin ta tuna, baƙin nan mai igiya. Ta ɗauka jimla biyu zai yi, ya ce mata ma suna ƙoƙari, a yi kabbara a wuce.

Hawayen da suka ƙi zuwa a ofis suka zo yanzu.

"Da bakina," ta ce. "Innalillahi. Da bakina na ba ka."

"Ba ki san abin da zan yi ba."

"Na ba ka dai."

"Zulai ki saurare ni. Babu wanda ya ji wannan maganar. Daga ni sai ke."

Ta ɗago da sauri.

"Me kake nufi?"

"Yara nawa ne a Yawuri yanzu haka suke fitsarin jini ana musu dariya?"

"Kar ka fara."

"Ni na ɓata. Ba ke ba, ba su ba."

"Malam, kai ne fa. Kai da in mai kanti ya tambaye ka ko tumatir ɗinsa ya yi kyau sai ka faɗa masa gaskiya. Rantsuwa ce. Kuma za a ji. Wanda ya miƙe ya yi maka tambayar nan shi zai fara yaɗawa, Malam Abdurrahim ya rantse da bakinsa ya ci amanar matarsa. Wa zai ƙara zama a gabanka? Da wace fuska za ka kare risala a kan amana?"

"Wannan na mutane ne."

"Na Allah fa?"

Na rantse muku a wannan lokacin fuskarsa ta tsufa.

Ya miƙe a hankali, ya tsallake littattafansa, ya shiga kicin ya kashe gas. Daga nan ya wuce banɗaki. Ta ji ƙarar famfo.

Ta san ƙarar. Ba wanke hannu yake ba. Ta ji kurkurar baki, ta ji shaƙar ruwa. Kuma ya riga ya yi la'asar, magariba da saura.

Wayarta ta fara ruri a cikin jaka.

Ta ciro. Ustaza Mawada.

Ta riƙe wayar tana kallo har ta katse. Ta sake ɗaukar ruri.

Ya fito hannun riga a naɗe, ruwa na ɗiga daga gemunsa. Bai kalle ta ba. Ya miƙa hannu saman kantar littattafai ya sauko da Alƙur'aninsa, wanda ya yi hadda da shi tun yana yaro, ya riƙe da hannu biyu a ƙirji.

"Malam ka ajiye. Don Allah ka ajiye."

"Ɗauki wayar Zulai."

"Ba zan..."

"Ɗauki," ya ce. "Ki ce mata sata na yi."